Tabarau a Goshi

Zuwa ga Gwangwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka. Ka gaishe min da Baffa, ka ce ina tambayar gwiwarsa. Ni ma lafiya, irin lafiyar mutumin da yake yini tsaye gaban inji yana yin ƙofofin ɗakunan da ba zai taɓa shiga ba.

Na san za ka yi mamakin ganin takardata. Shekara uku ke nan ban rubuto wa kowa ba, in ban da layi huɗun da na aiko lokacin rasuwar Baba. Ban zo ba, an yi ta magana, duk na ji. Ba ita ta sa na ɗauki biro yau ba.

Direban babbar motar da ke kawo mana kaya daga wajenku shi ya ba ni labarin ka buɗe shagon Baba na ƙofar gida, ka share, ka ci gaba da aikin kafinta a ciki. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Gara a ji ƙarar guduma a ɗakin nan da a bar wa ɓeraye. Amma ya ce ka sayo injin zarto mai aiki da lantarki, kuma tsofaffin katakon rufin gidajen da ake rushewa kake saye kana yankawa. Nan ne hankalina ya tashi.

Kafin in ci gaba, ina roƙonka abu ɗaya. Kakana da kakarka wa da ƙanwa ne, tun muna rarrafe aka ɗora mu a kan wasa, ka ce ni bawanka ne, in ce kai ne nawa. To wannan karon ka ajiye wasan a bakin ƙofa. Ba wasa nake ba.

Na ba direba ƙunshi ya kawo maka. Tabarau ne guda biyu na aiki, masu kauri, masu roba a gefe da igiya ta baya. Ɗaya ka sa, ɗaya ka ajiye. Kada ka kunna injin nan sai yana idonka. Zarton hannu irin na Baba, in ya ci karo da ƙusa, tsayawa yake yi ya ba ka haushi. Inji ba ya tsayawa. Yanke ƙusar yake yi ya jefo maka gutsuren, kafin ka ƙifta ta riga ta iso. Katakon rufi kuwa cike yake da ƙusoshin da kansu ya karye, ba a ganinsu.

Ka samo maganaɗisu ka riƙa bin kowane katako da shi kafin yanka. Kada ka tsaya daidai saitin faifan zarton, ka ɗan kauce gefe. Ka naɗe hannun riga. In an ɗauke wuta kana cikin aiki, ka kashe injin, don in ta dawo ba sallama take yi ba.

Ka rubuto ka gaya min ka samu.

Ni ne,
Maɗaci


Zuwa ga bawana Maɗaci,

Wa alaikumus salam. Ashe kana raye! Mu nan duk lafiya. Gwiwar Baffa tana nan yadda ka bar ta, in hadari ya haɗu ita ke fara sanar da mu.

Ƙunshinka ya iso, amma ka jefa mu cikin ruɗani, don ya riga takardar zuwa da kwana goma sha biyu. Direba ya miƙo, ya ce daga wajenka, ya ja motarsa. Ka san ba a buɗe saƙon nesa sai gaban babba. Na kai wa Baffa, aka warware, sai ga tabarau biyu, babu ko kalma. Muka yi ta juya su. Baffa ya ce, “Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya ji labarin idona.” Ya sa ɗaya, ya ɗauko littafinsa, ya duba, ya ce rubutun bai ƙaru ba bai ragu ba, amma wataƙila irin na can ne, a hankali yake aiki. Tun ranar bai cire ba. Da shi yake zama a ƙofar gida, mutane suna wucewa suna gaishe shi sau biyu.

Ɗayan kuwa maiɗakina ta ce ai ba a aiko wa namiji abu biyu a bar mace haka ba. Ta gano amfaninsa da kanta: yankan albasa. Ta ce in gaya maka tunda aka yi aurenta ba a taɓa yi mata tsarabar da ta share mata hawaye irin wannan ba.

Sai ga takarda. Na karanta a tsakar gida. Ina zuwa inda ka ce “ba wasa nake ba” na ajiye ta na yi dariya har da riƙe ciki. Maɗaci, da wannan kalmar ka aike ni kasuwa neman gudumar hagu ina ɗan shekara goma sha biyu. Rumfa tara na shiga. Da ita ka ce min in na shafa gam a haɓa gemu zai fito. Yanzu kuma in je in ce wa Baffa ya cire abin da ya riga ya sa wa albarka, don ka ji labari ka yi dariya daga nesa? Ban faɗa ba.

Amma abu biyu sun ɗaure min kai. Na farko, me ya sa rubutunka ya zama manya-manya kamar na allon talla, kuma layukan suna gangarewa gefe ɗaya? Na biyu, direba ya ce kullum da baƙin gilashi yake ganinka, ko a inuwa. Kuɗi ka yi ne ba ka faɗa ba?

Injin yana aiki kamar aljani. Abin da Baba ke yi a yini, kafin shayi ya huce na gama.

Ubangidanka,
Gwangwani


Gwangwani,

Salamu alaikum. Na samu takardarka. Ina lafiya. Na karanta ta sau uku, kowane karo kaina ya ƙara ciwo.

Maganar gudumar hagu gaskiyarka ce. Ni na yi, ni na koya maka kada ka yarda da ni, yau ga shi ina girba. Ban ga laifinka a nan ba. Laifin ƙunshi ma nawa ne, da na sa takardar a ciki maimakon in ba gidan waya. Amma albasa, Gwangwani? Albasa?

Na Baffa ka bar masa. Ba zan sa ka ka tuɓe wa dattijo abu daga fuska ba. Na wajen maiɗakinka ka karɓo, ka ba ta haƙuri, ka ce zan aiko mata da nata.

Tunda ba ka jin magana sai da labari, ga labari. Akwai wani mutum a ma’aikatarmu. Ba sabon shiga ba ne, ɗan kafinta ne, a cikin garin katako ya tashi. Hannunsa ya iya aiki, har shi ake kira in ƙofa ta ƙi zama. Wata safiya aka kawo katako, ya ɗora a inji. Akwai guntun ƙarfe a ciki. Ya ce ko zafi bai ji ba da farko, ji ya yi kamar ƙuda ya faɗa masa a ido. Sai ya yi abin da duk muke yi: ya murza da bayan hannu. Wani abokin aiki ya zo ya buɗe idon ya hura masa. Wani ya kawo gefen hankici. Kowa da kyakkyawar niyya. Da aka kai shi asibiti, likita ya ce ƙarfen ya yi rabin ɓarna, murzawa ta ƙarasa sauran. Aka cire idon.

Don haka ka ƙara wannan a kan abin da na faɗa maka. In abu ya shiga idonka, kada ka murza, kada ka bari a hura, kada kowa ya sa maka hankici ko harshe. In gari ne, ka zuba ruwa mai tsabta da yawa. In abu ne ya soke, kada ka taɓa, ka rufe da kofi a tafi asibiti.

Mutumin nan yanzu in zai zuba shayi sai ya kafa bakin buta a kan kofi, in ba haka ba a tebur yake zubawa. In an miƙo masa hannu, wani lokacin iska yake kamawa. Matakala kuwa ƙirga ta yake yi.

Rubutuna ya yi girma ne saboda haka na ga dama. Baƙin gilashi kuma ba ruwanka.

Ka sa tabarau.

Maɗaci


Zuwa ga Maɗaci sarkin faɗa,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Baffa ya ce idonsa ya fara sauƙi, yanzu iska ba ta sa shi hawaye.

Ka kwantar da hankalinka, na yi abin da ka ce. Na karɓo tabarau. Ba da sauƙi ba, kwana biyu ana ajiye min abinci ba magana. Yanzu tun da safe nake sa shi. In ina shara yana idona. In ina awo yana idona. In ina shafa gam, in ina buga ƙusa, har in mai kujera ya zo ciniki, yana idona. Maƙwabta sun fara kirana matuƙin jirgi.

Wuri ɗaya kawai nake ɗaga shi, shi ne lokacin yanka. Kai ma ka san dalili, ɗan kafinta ne kai. Ka tuna yadda Baba ya koya mana: ka ɗaga katako, ka kanne ido ɗaya, ka bi gefensa da kallo ka ga miƙewarsa, sannan ka bi layin fensir. To da abin nan a fuska ba ya yiwuwa. Ɗakin ba taga sai ƙarama, zufa na yi gilashin ya yi hazo, layin ya ɓace. Sau biyu na yanka a karkace. Shi ya sa nake tura shi goshi in yanka, ina gamawa in mayar. Minti ɗaya ne, bai fi ba. Yini guda yana idona, minti ɗaya yana goshi. Ko malamin lissafi zai ce na ci jarrabawa.

Murfin da ke kan faifan zarton ma na kwance shi, don shi ma tare min layi yake yi. Na ajiye shi wuri mai kyau, bai ɓata ba.

Maganaɗisu ban samu ba tukuna. Na tambaya a rumfa biyu, sai na tuna gudumar hagu, na dawo gida.

Labarin mutumin ku ya ba ni tausayi, in da gaske akwai shi. Amma ban gane ba. Babbar ma’aikata irin taku ba ta ba mutane tabarau ne? In tana bayarwa, ina nasa yake? In ba ta bayarwa, kai ina ka samo biyu? Ka gaishe shi dai, ka ce wani mai ido biyu yana yi masa jaje.

Naka,
Gwangwani


Gwangwani,

Salamu alaikum. Ba zan tambayi lafiyar kowa ba sai na faɗi wannan, don in na tsaya gaisuwa zan fasa.

Ka tambaya ina tabaran mutumin yake. A goshinsa yake. Ma’aikata ta ba shi, sabo fil. Mai kula da mu ya yi masa magana sau biyu a satin. Ba zan ɗora wa kowa ba. Ya tura shi goshi ne don ya kanne ido ya duba layi, yadda ubansa ya koya masa. Minti ɗaya, bai fi ba.

Ni ne mutumin. Idon hagu. Shekara uku da wata biyu.

Ga amsar duk tambayoyinka. Shi ya sa rubutuna ya yi girma yake gangara. Shi ya sa baƙin gilashi. Shi ya sa ban zo ba da Baba ya kwanta, ban zo ba da ya rasu. Ranar da zan bar gida, a shagon nan da kake tsaye ciki, ya ce min, “Ka zauna. Abin da hannu bai iya riƙewa ba, kada ka ba shi fuskarka.” Na ce masa zamaninsa ya wuce. Shekara arba’in ya yi yana aiki da zarton hannu da gizago, ya koma ga Allah da idonsa biyu da yatsunsa goma. Ni da na tafi koyon zamani, shekara shida kawai na yi. Na kasa zuwa in tsaya gabansa ya dube ni. Na ce sai na saba tukuna, sai na shirya abin da zan faɗa. Ina cikin shiri aka aiko min ya tafi. Wannan ba inji ne ya yi min ba, ni na yi wa kaina.

Ban gaya wa kowa a gida ba. Kai ma da ban gaya maka ba, in da ba ka rubuto min da hannunka cewa kana yin abin da na yi daidai wa daida ba, har kana neman in yaba maka. Da na karanta “minti ɗaya” sai da na zauna a ƙasa.

Ka mayar da murfin nan yau. Hazo kuma maganinsa sabulu: ka shafa busasshe a cikin gilashin, ka goge da ƙyalle mai laushi. Ka buɗe ƙofar shagon iska ta shiga. Batun layi, ka yi duk kanne-kannen idonka inji yana kashe. In ka gamsu, ka ɗaure miƙaƙƙen katako a gefe ya zama jagora, ka sauke tabarau, sannan ka kunna. Jagora ne zai bi layin, ba idonka ba. Maganaɗisu kuwa yana bayan kowace tsohuwar lasifikar rediyo. Ka je wajen mai gyara, ba zai yi maka dariya ba.

Yanzu ka gaishe da Baffa da maiɗakinka. Wannan takardar kada ka karanta ta a tsakar gida.

Maɗaci


Zuwa ga shugaban maƙaryata,

Kai! Kai! Kai! Wannan ta fi ta gudumar hagu. Na rantse saura kaɗan ka kama ni. Da na karanta sai na rufe shago, ko abinci ban ci ba. Har na fara tunanin yadda zan gaya wa Baffa.

Allah ya taimake ni washegari direba ya biyo. Na ja shi gefe na ce, tsakaninka da Allah, mutumin nan ido nawa gare shi? Ya ce wace irin tambaya ce wannan? Ya ce zuwansa na ƙarshe ka cire baƙin gilashin a gabansa ka share zufa, ya gan ka da ido biyu, manya, masu harara kamar kullum. Na ce ka tabbata? Ya ce shi direba ne, da ido yake cin abinci.

To ka gani. Ka yi ƙoƙari, amma ka manta da shaida. Abin da ban ji daɗi ba shi ne sa Baba a ciki. Wasa wasa ne, amma mamaci a bar shi ya huta.

Tunda na gane wasa ne, na karanta wa mutanen gida. Maiɗakina ta ce Allah ya shirye ka. Baffa ne bai yi dariya ba. Ya ce in ba shi takardar, ya ninke ya sa a aljihu, ya shiga ɗaki. Ban san me ya same shi ba, ƙila gwiwar ce.

Ni ma bari in ba ka labari: idona biyu sun faɗo jiya, da ƙafa nake rubuta wannan. Ka aiko da sanda.

Dabarar sabulu dai ta yi aiki, wannan na yarda. Jagora kuma ɓata lokaci ne, idona ya fi shi.

Amma Maɗaci, in tambaye ka. In wasa ne, me ya sa takardar ta jiƙe a wuri biyu? In kuma ba wasa ba ne, direba me ya gani? Na rasa inda zan kama.

Gwangwani


Gwangwani,

Direba bai yi ƙarya ba. Abin da ya gani yana cikin kwalin ashanar nan, a naɗe da auduga. Na gilashi ne. Wanda ya yi shi gwani ne, har jan jijiyar ya zana. Shekara uku ina wanke shi kowace safiya ina sawa, don kada kowa ya sani.

A gaban direba na cire shi, a bakin ƙofar ma’aikata, mutane suna wucewa. Ka tambaye shi yanzu ido nawa ya bar ni da su. Ba ni da wani. Gobe haka zan shiga aiki.

Ban san wata hanyar da zan ce maka ba wasa nake ba.

Maɗaci


Gwangwani,

Salamu alaikum. Yau sati bakwai ba amsa.

An canza wa direba hanya, wanda ya maye shi bai san gidanmu ba. Kullum in na tashi aiki sai na biya wajen mai raba wasiƙu, har ya fara girgiza min kai tun daga nesa.

Ban san me zan ɗauka ba. Ko kwalin bai iso ba. Ko ya iso an kai wa Baffa, ya buɗe, wani abu ya same shi, ni ne sanadi. Ko ka yi fushi. Ko ka ɗauka wani wasan ne, ƙwallon yara na saya na aiko. Ko kuma abin da nake tsoro ya riga ya faru, kana kwance an ɗaure maka fuska, ba ka iya rubutu. Ka ce min idonka biyu sun faɗo, na san wasa ne, amma yanzu in na tuna sai in ce, in fa ba wasa ba ne? Ka ga inda muka kai kanmu. Ni ma na daina gane ka.

A nan kowa ya gani. Kwana uku aka yi ana satar kallona, daga nan aka koma kallon katako. Abin da na ɓoye shekara uku ke nan, kwana uku ya ɗauka.

In ba za ka iya rubutu ba, ka sa maiɗakinka. Layi ɗaya ya isa: ido nawa gare ka?

Maɗaci


Zuwa ga Yayana mai daraja,

Assalamu alaikum. Biyu ne. Duka suna nan lafiya. Baffa lafiya, maiɗakina lafiya. Ka yafe min shirun.

Kwalin ya iso. Direba ya kawo shi ko zama bai yi ba, ya ƙi haɗa ido da ni. Na kai wa Baffa kamar yadda aka saba. Ya riƙe, ya jijjiga a hankali, bai buɗe ba. Ya ce, “Wannan naka ne, je ka shago ka buɗe.” Ina juyawa ya kira ni. Ya cire tabaran daga fuskarsa ya miƙo min. Ya ce, “Tun takardar farko da na ga rubutun na san akwai magana. Na yi shiru ne ina jiran ya faɗa da bakinsa. Da ya faɗa kuma kai ka mayar da ita abin dariya. Karɓi, ban taɓa ganin komai da shi ba.”

Na buɗe a kan bencin Baba. Ba zan iya gaya maka abin da na ji ba. Hararar taka ce sak.

Sati uku ban kunna inji ba. Takarda kuwa bakwai na fara ina yagawa. Ban san yadda ake rubuta maka ba zagi ba, tunda nake ban taɓa yi ba. In na rubuta “bawana” sai hannuna ya tsaya. Na ce ka sa Baba cikin wasa. Na ce ka aiko da sanda. Da wane baki zan dawo?

Ga abin da na yi. Na mayar da murfin. Na samo maganaɗisu wajen mai gyaran rediyo, bai yi dariya ba. Katakon da ke jingine a shago, wanda da na gama yankawa a satin nan, na bi shi duka: ƙusa goma sha ɗaya na tono, huɗu ko alamarsu ba a gani. Na zuba su a kofi na yi ta kallo. Jagora yana aiki, yankan ma ya fi miƙewa, ban so faɗa ba. Na fasa bango na ƙara taga.

Kwalin na kafa masa ɗan katako a saman makunnin injin, na bar shi a buɗe. Duk sanda na kai hannu zan kunna, sai mu haɗa ido. Sau biyu na kai hannu tabarau yana goshi, sau biyu ka harare ni na sauke.

Amma na san kana bukatarsa. Ka faɗa min yadda zan aiko ba tare da ya fashe ba.

Baffa ya ce in gaya maka ɗakinka yana nan, kuma ɗan’uwansa Baba bai rasu yana fushi da kai ba, kullum cewa yake aiki ne ya riƙe ka.

Ƙaninka mai neman gafara.

(A ƙasa akwai wani layi da na rubuta da fensir na goge. Kada ka kula.)


Gwangwani,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na karanta “biyu ne” na tsaya, sai da na sha ruwa na ci gaba.

Wane ne “Yayana mai daraja”? Ban san shi ba. In ka ƙara rubuto masa, mayar maka da takardar zan yi. Ido na rasa, ba abokin wasa ba. Kada ka ƙara min asara.

Laifin shirun mun raba. Kai sati bakwai, ni shekara uku.

Layin da ka goge, ka manta hannunka na kafinta ne, danna fensir kake yi kamar kana zana katako. Na ɗaga takardar a taga na karanta shi tsaf: wai in dawo gida ka ɗauke ni aikin duba miƙewar katako, tunda ni yanzu ba sai na wahala da kanne ido ba. Gwangwani, na yi dariya har maƙwabcina ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ga ko lafiya. Rabona da irinta tun ina da biyu. Nan gaba ka rubuta da biro.

Idon ka bar shi inda yake. A fuskata ƙarya kawai yake yi, a can kuwa aiki yake. Na nemi hutu, sun ce ƙarshen wata mai zuwa. Ka gaya wa Baffa ina tafe. Ka gaya wa maiɗakinka tabaran albasa yana cikin jakata.

In na shigo shagon na tarar da naka a goshi, da gudumar hagu zan sauke maka shi.

Ubangidanka,
Maɗaci